Mai Rubuta Allo Da Masu Cinikinsa

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci har ya fito da sanin karatu, kafin ya kai ga littafi mai kauri, allunan bakin hanya ya kan fara gwada idonsa da su. In ya hau mota daga Gusau ya nufi Sakkwato, da ya iso Talata Mafara sai ya ga gari ya buɗe masa kamar takarda. Nan a ke sayad da magani, can a ke gyaran babur, ga tela, ga mai niƙa, ga makarantar Islamiyya da sunanta da shekarar da aka kafa ta. Jiya sai ya tsai da mutane ya yi tambaya, yau kuwa allo ya isar masa. Amma cikin masu karanta allunan nan kaɗan ne su kan tuna cewa kowane ɗaya hannun wani ne ya rubuta shi, kuma kafin a ɗora masa buroshi sai da aka sha jayayya a kan kuɗinsa. Wani ma har ya tsufa a bakin shago ba a gama biyan wanda ya yi shi ba.

A zamanin da ba a bukatar allo a ƙasar nan, gama kowa ya san ƙofar kowa. Ƙarar guduma ke nuna gidan maƙeri, shuɗin hannu ke nuna marini. Da baƙi suka yawaita sai abin ya sake. Cikin shekarar 1978 aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, ruwanta ya shiga gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura, ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina. Sa'an nan ga makarantu, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, kowace da ɗalibai waɗanda ba su san gari ba. A 1996 aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, ofisoshi da makarantu da asibitoci duk suka bukaci a sake musu suna a allunansu. Da mulkin farar hula ya komo a 1999, garuruwan nan uku kowanne ya fid da Gwamna: Ahmad Sani na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Inda siyasa ta yi ƙarfi haka kuwa, lokacin zaɓe ba bangon da ya ke kwana babu rubutu.

A Talata Mafara akwai wani dattijo wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana wannan sana'a. Da allon makaranta da tawada ya fara sanin riƙon alƙalami, daga baya ya yi firamare, sa'an nan aka kai shi Gusau wurin wani fenta ya koyi aiki. Rumfarsa ba ta da girma. Abin da ke ciki shi ne gwangwanayen fenti, da buroshi manya da ƙanana, da rula, da zare, da alli, da yara biyu masu koyon aiki. Mutanen Bakura da na Maradun su kan biyo kasuwar ranar Talata su kawo masa aiki. Ba a taɓa jin ya yi ƙarar wuyar rubutu ba. Abin da ya kan ce ya fi gajiyad da shi, shi ne maganar da a ke yi kafin a soma aikin da bayan an gama.

Ciniki dai ba laifi ba ne. A ƙasar Hausa wanda ya saya bai taya ba, a kan ce bai san darajar kuɗinsa ba. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta matsowa har a haɗu, a sallama. Sai dai cinikin allo ya bambanta da na buhun gero ta hanya biyu. Ta fari, mai sayen gero yana ganin abin da ya ke tayawa, ya ɗiba ya duba, amma allo sa'ad da a ke cinikinsa babu shi tukuna, magana ce kawai. Ta biyu kuwa, in cinikin gero ya ɓaci, mai shi ya ɗaure bakin buhunsa ya jira wani. Allon da aka rubuta wa sunan mutum da lambar wayarsa, in ya ƙi karɓa, ba wanda zai saye shi, ko da kyauta ne ba mai so. Saboda haka hasara kullum wajen mai rubutu ta ke karkata, shi ya sa ya zama dole ya yi dabara.

Cikin masu wuyar ciniki, na farko shi ne mai raina aiki. Wata rana wani Alhaji mai shagon kayan masarufi ya zo yana son allo mai faɗin ƙafa takwas. Dattijo ya yi lissafi ya ce Naira 30,000. Alhaji ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam! Haruffa nawa ne duka? Ashirin ba su cika ba. Ko ɗana na aji uku ya iya rubuta su. Na ba ka 8,000."

Dattijo bai ɓata rai ba. Ya ce, "Albarka, Alhaji. Zauna ka sha ruwa, in nuna maka inda kuɗin za su tafi." Ya ɗauko takarda ya jera masa: kwano kaza, katakon da kafinta zai haɗa kaza, ƙusa, jan fenti mai hana tsatsa wanda a ke fara shafawa, farin fenti shafi biyu, da baƙi da shuɗi na rubutu. Kuɗin kaya kaɗai ya kai 19,000. Sa'an nan ya ce, "Abin da ya saura shi ne ladan kwana uku, ni da yaran nan biyu. In kana so, tafi kasuwa da kanka ka sayo kayan, ka biya ni ladan hannu kawai." Alhaji ya duba takarda, ya ga farashin kwano daidai ya ke da wanda ya sani, domin bara ya rufa ɗaki. Ya yi shiru, can ya ce a rage masa wani abu don albarkacin zumunci. Aka daidaita a kan 27,000.

Abin lura a nan shi ne, yawancin masu raina aiki ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne. Suna ganin haruffa, ba su ganin abin da ke ƙarƙashinsu. Ba su san sai an goge kwano an wanke shi ba, in ba haka ba fenti ya ɓare. Ba su san kowane shafi sai ya bushe kafin a ƙara wani ba, kuma da damina ya kan daɗe bai bushe ba, da hunturu kuwa in aka bar shi a fili ƙura ta manne masa aikin ya lalace. Ba su san sai an buga zare mai alli an fid da layi, an auna tsakanin harafi da harafi, don kada a kai ƙarshen allo suna bai ƙare ba. Da mutum ya ga lissafi a rubuce, rabin gardamarsa ya tafi, gama gani ya kori ji.

Na biyu shi ne mai kwatance, wanda da an faɗi kuɗi sai ya ce wane na bayan tasha ya ce zai yi masa da rabin haka. Dattijo ba ya zagin abokin sana'arsa, ba ya kuma rantse-rantse. Ya kan fid da aiki iri uku ya ce mutum ya zaɓa. Akwai na falanki da fenti shafi ɗaya, wanda in ya ga damina biyu ya gode Allah. Akwai na kwano da katako. Akwai kuma na ƙarfe wanda mai walda ya haɗa, mai daɗewa ƙwarai. Kowanne da kuɗinsa. Ya kan ce, "Ni ma ina iya yin na rabin kuɗi, sai dai in gaya maka gaskiyar kwanakinsa tun yanzu." Ya kan kuma bayyana musu yadda a ke samun arahar: a tsinka fenti da kananzir har ya zama kamar ruwa, a tsallake shafin farko, a sa kwano maras kauri. Wasu su kan tafi wajen mai arahar. Da yawansu kuwa su kan komo bayan shekara da allo ya koɗe, jan rubutun ya zama fari-fari, gama ja shi rana ta fi saurin ci. Dattijo ba ya yi musu gori. Araha ba ta ado, sun gani da idonsu, ba sai an faɗa ba.

Na uku ya fi waɗannan wuya, watau mai ƙari bayan an gama magana. An shirya a kan suna da irin sana'a, an soma aiki, sai ya dawo ya ce a sa lambar waya. Gobe ya ce a zana kwalbar lemo a gefe. Jibi ya ce ƙanensa ya ce kore ya fi shuɗi kyau. Ran biya kuwa kuɗin farko zai miƙo, ya ce ai duk allo ɗaya ne. Akwai kuma wanda zai faɗi lambar wayarsa da baki, ya juya biyu daga cikin lambobi goma sha ɗayan nan, in an gama ya ce mai rubutu ne ya yi kuskure, don haka ba zai biya ba.

Maganin wannan, dattijo ya sayi littafi mai layi ya ajiye. Duk wanda ya kawo aiki, sai an rubuta a ciki abin da za a sa a allo harafi da harafi, da girmansa, da launinsa, da kuɗinsa, da ranar karɓa. A karanta wa mai shi, in ya iya karatu ya karanta da kansa, sa'an nan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Abin da aka ƙara bayan haka, da kuɗinsa dabam. Da fari mutane sun ji haushi, suna cewa ya mai da su marasa amana. Shi kuwa ya kan tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya kan ce takarda ba ta zargin kowa, mantuwa ta ke tsarewa. Tun ran gini ran zane.

Littafin nan ya yi wani amfani kuma. Wani mai gidan saukar matafiya ya kawo takardarsa an rubuta "Masaukin Baki". Dattijo ya ce masa harafin nan yana bukatar lanƙwasa, domin baki dabam, baƙi dabam. Mutumin ya ce shi dai a yi yadda ya kawo, kada a ƙara masa kuɗin lanƙwasa. Dattijo ya yi dariya ya ce lanƙwasa kyauta ce, amma in an bar ta, yaran makaranta za su riƙa tambaya ko nan ne bakuna ke kwana. Nan take ya yarda aka gyara, ya sa hannu.

Na huɗu shi ne ɗan'uwa. Wannan ba ya ciniki ma sam. Kawu ne ko suruki ko abokin wasa, zai ce, "Ɗana, ga shagon ƙanenka nan, a yi masa ɗan rubutu." Ba a maganar kuɗi, gama kunya ta hana. Shekaru da yawa dattijo yana yin irin wannan aiki daga aljihunsa, har ya lura kyautar da ba a san kuɗinta ba, ba a gode mata. Yanzu ya kan ce, "Kawu, aikin hannuna na ba ka kyauta, ladansa kaza ne, na yafe. Amma fenti da kwano ba nawa ba ne, na mai kanti ne, shi kuwa bai san zumuncinmu ba." Ta haka kawu ya san abin da aka yi masa, zumunci kuma bai ci jarin yara ba.

Na biyar su ne masu zuwa lokacin zaɓe. A wani zaɓe da ya wuce, yaron wani ɗan takara ya zo da dare yana gaggawa, ya ce a rubuta masa yadi arba'in kafin ranar taro. Ya ba da ɗan abin da bai kai kuɗin yadi goma ba, ya ce, "Baba, in mun ci, kai ne mai aikin allunanmu duka." Dattijo ya karɓo yadi da fenti bashi wurin mai kanti, shi da yaransa suka kwana uku ba barcin kirki. Aka yi zaɓe, ɗan takara ya faɗi, yaron ya ɓace, wayarsa ta daina shiga. Mai kanti kuwa bai faɗi zaɓe ba, yana nan yana jiran kuɗinsa. Sai da dattijo ya sayad da shinkafar da ya noma a gonarsa ta rani, wadda ya ajiye don cin gida, sa'an nan ya fita bashin. Iyalinsa sun ji shekarar nan a jikinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ran nan aikin zaɓe ko na wace jam'iyya ne, sai an biya duka kafin ya buɗe gwangwani. Sauran ayyuka kuwa sai an ba da kafin alƙalami wanda ya isa kuɗin kaya, kuma allo ba ya barin rumfa sai an cika.

Akwai wani iri kuma wanda ba ragi ya ke nema ba. Wani ma'aikaci ya zo daga wani ofis da aikin alluna shida. Bai taya ba ko kaɗan, abin har ya ba dattijo mamaki. Da aka zo rubuta rasit sai ya rage murya ya ce a rubuta ninki biyu, za a ba dattijo nasa kason. Dattijo ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, abin da na karɓa shi na ke rubutawa. Ran da aka zo bincike, sunana za a gani a takardan nan, ba naka ba." Ma'aikacin ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri. Yaran suka yi ta guna-guni, domin watan nan ba su sami aiki mai yawa ba. Dattijo ya ce musu mai sana'ar rubutu ba shi da jarin da ya wuce a yarda da abin da hannunsa ya rubuta.

Kada mai karatu ya zaci mutumin nan mai tsanani ne. Ya san bambancin mai ciniki don raini da mai ciniki don rashi. Wata gwauruwa daga wani ƙauyen Maradun, wadda rashin zaman lafiya ya koro ta gari da 'ya'yanta, ta soma sayad da abinci a bakin hanya. Ta zo tana son ɗan allo, ta kwance bakin zanenta, abin da ke ciki bai isa gwangwani ɗaya ba. Dattijo ya ce, "Inna, kawo abin da ki ke da shi." Ya nemo guntun kwano da ya saura daga aikin wani, ya sa yaro ya rubuta mata, ya ce da ma yaron yana bukatar abin gwada hannu. Bai rubuta ta cikin masu bashi ba.

Zamani kuma ya ƙara wa ciniki zafi. Tun da injin kwamfuta mai buga talla a kan leda ya yawaita a manyan garuruwa, mutum na iya samun talla har da hotonsa cikin yini ɗaya, sau da yawa da kuɗin da bai kai na fenti ba. Dattijo bai yi gaba da injin ba. In aikin na biki ne ko na taron kwana biyu, shi da kansa ya kan ce a tafi wajen masu injin, ɗaya daga cikin yaransa ma ya koyi tsara aikin a kwamfuta. Amma ya kan faɗa wa mai shago cewa leda rana na cin ta, iskar farkon damina kuma na yaga ta. Ban da wannan, a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci saboda 'yan bindiga, aka kuma yanke layukan waya, mutanen ƙauye suka daina shigowa, aljihun kowa ya bushe. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, kuɗin fenti da kwano suka yi ta hawa. Mutum ya kan zo da farashin da aka gaya masa wata uku da suka wuce ya ce a kansa ya tsaya. Don haka dattijo ya ƙara layi ɗaya cikin littafinsa, cewa kuɗin da aka faɗa na kwana bakwai ne, in sun wuce ba a ba da kafin alƙalami ba, sai a sake lissafi.

Abin da ya kan koya wa yaransa game da mutane bai fi abu kaɗan ba. Kada su faɗi kuɗi sai sun yi lissafi, kada kuma su faɗi abin da ya wuce hankali don a rage, gama wanda ya sauko daga dubu hamsin zuwa ashirin ya nuna maganarsa ta farko ƙarya ce. Su san iyakar da in an sauka ƙasa da ita hasara ce, in an kai nan su ce albarka da sakin fuska, su raka mutum har bakin rumfa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wanda aka rabu da shi lafiya yau shi ne mai kawo aiki gobe. Kada kuma fushin mugun tayi ya sa su karɓi aiki su yi shi da ha'inci, domin allo a bakin hanya ya ke zaune, kowa ya tambaya za a gaya masa wanda ya yi.

Ku kuma da kuka sami ilmin karatu da rubutu, da yawanku masu sana'a ne, wata rana za ku bukaci allo. In ranar ta zo, ku rubuta abin da ku ke so tun daga gida, ku duba sunan da lambar sau biyu. Ku tambayi irin kwano da irin fenti da yawan shafin da za a yi, sa'an nan ku taya yadda al'ada ta ke, ba mai hana ku. In an sallama, ku ba da kafin alƙalami, ku sa hannu, ku karɓi rasit na gaskiya. Ran da aka gama kuwa ku cika wa mai aiki haƙƙinsa kafin a kafa allon, don duk sa'ad da kuka ɗaga kai kuka ga sunanku a bakin shago, ku san ba kuɗin kowa a kansa.